Rubutun jikin rigunan yara: ni ce na cika sa ido ko ku ma kun lura?

Maman 'Yan Biyu

Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema akan wani abu da ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce, na rasa wanda zan yiwa maganar ya ɗauke ta da muhimmanci. Ina da 'yan biyu mace da namiji, shekararsu biyar da 'yan watanni, yanzu suka fara haɗa baƙi, komai suka gani da rubutu sai sun tsaya sun karanta ko da lambar mota ce. To ƙanwar babansu ta kawo musu riguna kowa ɗaya, na kuma gode mata sosai dan nasan ba da wata manufa ta zaɓa ba, abin da ta tarar a rataye ta ɗauko. Ta namijin shuɗiya ce da hoton roka da taurari, an rubuta da turanci abin da ke nufin "Mai ƙwaƙwalwa kamar Baba". Ta macen ruwan hoda ce da ƙyalƙyali da zanen zuciya, ita kuma an rubuta "Kyakkyawa kamar Mama".

Ina gama saka musu sai macen ta jawo gaban rigarta da hannu biyu ta sunkuyar da kai tana son karantawa a juye, ta kasa, tace Mama me aka ce a tawa? Na faɗa mata. Tace tasa fa? Na faɗa mata. Tayi shiru tana murza ƙyalƙyalin da yatsa, can sai tace "to ni bani da ƙwaƙwalwa ne?" Wallahi sai da gabana ya faɗi, dan ita ce ma tafi ɗan uwan nata saurin ɗaukar karatu, kuma ita ce mai son roka a gidan, kullum tambayarta wai me yasa wata yake bin mu idan muna cikin mota.

Da daddare na zazzage kayansu duka akan gado na ware. Nasa akwai zaki, dainoso, mota, jirgi, ƙwallo, "jarumi", "shugaban gobe". Nata kuma gimbiya, fure, malam buɗe littafi, "yi murmushi", "'yar gatan Baba", "mai daɗi". Ko ɗaya a nata babu wadda ta ambaci wani abu da yarinyar zata YI, duk akan yadda take a ido ne. Kuma da yawansu ni na siya da hannuna ban taɓa tsayawa na karanta ba.

Na yiwa babansu maganar yace riga ce fa kawai, nan da wata shida tayi musu kaɗan an wuce wajen. To ni dai abin bai wuce min ba. Dan Allah ni ce nake ƙara wa miya gishiri ko da gaske irin wannan yana shiga kan yaro? Kuma ya zanyi da rigar tunda kyauta ce, bana son na ɓata wa mai kyautar rai.

Abu Khalil

Wa alaikumus salam. Maman 'yan biyu kiyi haƙuri amma ni ina bayan maigidanki. Mu da muka taso wace irin riga ce bamu saka ba, da rubutun da ko iyayenmu basu san me yake nufi ba, kuma gamu mun girma lafiya. Tarbiyya a bakin uwa da uba take ba a gaban riga ba. Su kamfanonin nan kuma ba wa'azi suka fito yi ba, abin da ake siya suke bugawa, da iyaye basa ɗauka da tuni sun daina. Sannan ni abin da nake tsoro a irin wannan maganar, daga nan ake farawa har a kai inda za a ce babu bambanci tsakanin mace da namiji kwata-kwata. Mace mace ce, namiji namiji ne, kuma ba aibu bane a cewa yarinya kyakkyawa.

Malama Rabi

Malam Abu Khalil ba wanda yace aibu ne a cewa yarinya kyakkyawa, nima ina faɗa wa nawa kullum. Matsalar ita ce idan shi kaɗai ake faɗa mata, ɗan uwanta kuma da suka fito ciki ɗaya ana ce masa mai hankali, mai ƙarfi, shugaba. Ka duba tambayar da yarinyar tayi mana, ba wanda ya koya mata, riguna biyu ta jera a ranta ta fitar da lissafin da kanta.

Ni koyarwa nake a ajin ƙananan yara kuma abin da mutane basa lura dashi shine yaro baya buƙatar ya iya karatu kafin rubutun ya isa kunnensa, mu manya mu muke karanta masa. Baƙo ya shigo gida yaga yaro da rigar roka, me zai ce? "Kai ɗan sama jannati, yaushe za ka tafi wata?" daga nan hira ta tashi akan jirgi da taurari. Ya juyo kan yarinyar, "iyye gimbiya, kin yi kyau, juya mu gani", shikenan an gama da ita. Rigar ce ta saka wa baƙon magana a baki. Ka lissafa sau nawa hakan zai faru a shekara ɗaya.

Akwai binciken da aka buga a mujallar Science a 2017, Lin Bian da Sarah-Jane Leslie da Andrei Cimpian suka yi akan yara 'yan shekara 5 zuwa 7 a Amurka. Ana ba yaro labarin wani mutum mai tsananin basira ba tare da an faɗi mace ce ko namiji ba, sai a nuna masa hotuna ace ya zaɓi wanda yake ganin shine. 'Yan shekara 5 kowa jinsinsa yake zaɓa, mata su nuna mace maza su nuna namiji. Amma daga shekara 6 sai 'yan matan suka fara ja baya da zaɓar mace, har wasan da aka ce na yara masu tsananin basira ne suka rage sha'awarsa. Binciken ba akan tufafi aka yi shi ba, kar ace na faɗi abin da ba haka ba, amma ya nuna shekarun da wannan tunanin yake kama yaro, kuma Maman 'yan biyu naki suna bakin shekarun kenan. Riga ɗaya ce daga cikin bakunan da ke magana da yaro, akwai katun, akwai kayan wasa, akwai mu kanmu.

Batun cewa abin da ake siya suke bugawa, gaskiya ne, amma idan iyaye suka yi magana suna ji. A 2011 kantin JCPenney na Amurka ya fito da rigar 'yan mata da aka rubuta wai na cika kyau da zan tsaya yin aikin gida na makaranta, dan haka ɗan uwana ne zai yi min. Iyaye suka yi caa a intanet, kamfanin ya janye rigar ya bada haƙuri. A 2016 kuma kamfanin tufafi na Gap suka yi talla a Ingila, yaro namiji da riga mai hoton shahararren masanin kimiyya Einstein aka kira shi ƙaramin malami, yarinya kuma aka kira ta da sunan mai yawan ƙawaye da son shiga taro. Su ma sun sha surutu. Da babu wanda ya ɗaga murya da haka za a ci gaba.

Anti Maijidda

Ni ta ɓangaren sana'a zan shigo dan ɗinkin kayan yara nake yi na daɗe a ciki, kuma ina duba na kanti sosai dan naga yadda suke yanka. 'Yar uwa rubutun ma shine wanda ido yake gani, ki ɗauko gajeren wandon macen da na namijin masu lamba ɗaya ki ɗora ɗaya akan ɗaya ki gani. Yaro da yarinya 'yan shekara biyar jikinsu kusan ɗaya ne, babu ƙugu babu ƙirji, amma za ki ga nata yafi gajarta yafi matsewa, yadin yafi shara-shara, hannun rigar ɗan guntu an tattare shi a kafaɗa. Aljihu kuwa ko babu ko na ƙarya, an yi ɗinkin bakin aljihu a waje amma hannu baya shiga. Nasa kuma aljihu har huɗu da yadi mai kauri a gwiwa dan an san zai yi rarrafe ya hau bishiya. Wata rana wata yarinya da aka kawo awo ta tsinci wani ɗan dutse mai sheƙi a ƙofar shagona, ta dinga laluben gefen siket ɗinta tana neman inda zata saka babu, ƙarshe yayanta ta miƙawa ya saka a nasa aljihun. Tun ranar duk rigar yarinya da zan ɗinka sai na saka mata aljihu na gaske ko ba a ce ba. Jaridar Süddeutsche Zeitung ta Jamus ma ta taɓa bin kayan yara wajen 20,000 na manyan kantunan intanet a 2022, abin da ta samu kenan, wandunan mata sun fi gajarta, kalmomin jikin kayansu na soyayya da mafarki ne, na maza kuma na wasanni da yawon buɗe ido.

Sai ki lura da dabbobin ma. Na maza zaki ne ko kifin shak ko dainoso baki buɗe haƙora a waje. Na mata zomo, mage, doki mai ƙaho ɗaya, kuma sau da yawa idonsu a lumshe da dogon gashin ido kamar masu barci. Ni har yau ban ga dalilin da zai sa a rufe wa dabbar rigar yarinya ido ba.

Malam Abu Khalil kai kuma da kake ganin kamar haka abin yake tun fil azal, wallahi ba haka bane. A Amurka da Turai a ƙarni na 19 jarirai maza da mata farar doguwar riga ake saka musu duka saboda tafi sauƙin wanki da canza ƙunzugu. Akwai hoton Franklin Roosevelt wanda ya zama shugaban Amurka, an ɗauka a 1884 yana ɗan shekara biyu da rabi, cikin farar riga irin ta mata da gashi har kafaɗa, kuma a lokacin ba wanda ya ga wani abu. A 1918 wata mujallar 'yan kasuwar kayan jarirai a Amurka har cewa tayi ruwan hoda shi ya dace da namiji dan yafi ƙarfi, shuɗi kuma na mace dan yafi laushi. Daga baya ne aka juya. Wata masaniyar tarihin tufafi Jo Paoletti ta nuna rabuwar ta ƙara tsanani ne a shekarun 1980 lokacin da aka fara sanin jinsin jariri tun yana ciki ta hanyar sikanin, iyaye suka fara siyayya tun kafin haihuwa.

Kuma ni da nake cikin harkar na san ribar da ke ciki. Farar riga ko ja ko kore mara rubutu yaya zai saka ƙanwa ta gada ƙani ya gada. Amma wadda aka rubuta wa "gimbiyar Baba" da ƙyalƙyali ba mai saka wa namiji, dole a sake siyan wata. Gida ɗaya an siyar masa sau biyu kenan.

Baban Sadik

Ni maza uku Allah ya bani kuma ina so a san abin bai tsaya kan mata ba. Ku karanta na mazan da kyau, "fitinanne", "ga rigima ta iso", "ba na jin magana", "mai karya zukatan 'yan mata", jariri ɗan wata uku fa ake sakawa wannan. Muna rubuta wa yaro a ƙirji cewa shi mai ɓarna ne muna dariya, in ya girma ya ƙi jin magana kuma mu zo muna kuka dashi. Kalmomi irin su tausayi, kirki, haƙuri, ƙauna, duk an kwashe an kai ɓangaren mata kamar namiji baya buƙatarsu, alhali duk wanda ya zauna da namiji mara tausayi yasan irin azabar da ke ciki.

Na tsakiyan nawa mage yake so kamar me, akwai wadda muke da ita a gida tare suke kwana. Ya roƙe ni rigar mage, na zaga ɓangaren maza kaf babu sai damisa da zaki suna hargagi, a ɓangaren mata na samu wata ruwan toka da 'yar mage tana wasa da zare, babu ƙyalƙyali babu komai, na siya masa. Ranar farko da ya saka ta fita wasa bai yi awa ɗaya ba ya dawo ya cire ta ya tura ƙarƙashin katifa, wai wani yaro yace masa rigar mata ce. Shekararsa shida. Har yau bai sake sakawa ba kuma bai bari an bayar ba, lokaci lokaci yana ɗaga katifar ya duba tana nan. Abin yana ci min rai gaskiya, dan yarinya in ta saka rigar dainoso ana iya cewa jaruma ce, amma namiji in ya matsa kusa da abin da aka ce na mata ne dariya ake masa, kuma daga nan yake koyon cewa duk abin da ya shafi mace abin kunya ne.

Hajiya Kaka

'Yata ki kwantar da hankalinki, ba ki yi laifi ba da kika damu, uwa ce ke. Ni dai tsohuwa ce kuma ra'ayina yana tsakiya. Ina son naga jikata mace cikin shigar mata tayi kyau abinta, bana cikin masu son a haɗe komai ya zama ɗaya, a nan ina tare da Abu Khalil. Amma rubutun banza akan ƙirjin yaro bana tare dashi ko kaɗan. An taɓa kawo wa jikata 'yar shekara huɗu riga, da yayarta ta fassara min sai naji wai ana nufin idan ta girma maza zasu sha wahala a kanta. Yarinyar da ko wanka bata iya yi wa kanta ba ake wa wannan fatan? A ranar na mayar da ita tsumman goge ƙasa. Magana ai addu'a ce, abin da ba za ki iya buɗe baki ki faɗa wa ɗanki ba kar ki bari a rataya masa a wuya ya dinga yawo dashi.

Ita kuma ƙanwar mijinki kar ki ce mata komai akan wannan, ki saka wa yarinyar sau ɗaya ta gani taji daɗi. In ana hira wata rana sai ki sako mata cewa 'yar taki roka take so da taurari, mai hankali ce zata gane.

Abu Khalil

Hajiya na ji kuma na yarda da batun rubutun banza, wannan kam ko ni bazan bari ba. Baban Sadik labarin yaronka ya taɓa ni. Amma har yanzu ina nan akan cewa abin da uwa ta faɗa wa yarinyar a daren nan yafi rigar nauyi sau dubu. Malama Rabi su turawan da kike misali dasu ai har cire alamar maza da mata suka yi daga kayan yara, ni can ne bana so a kai.

Malama Rabi

Eh kantin John Lewis na Ingila yayi hakan a 2017, suka daina raba alamar da ake liƙawa a jikin kayan yara zuwa na maza da na mata, amma basu daina siyar da doguwar riga ba, har dogayen riguna masu hoton dainoso suka fito dasu. A can ma an yi ta musu akai, wasu sun yaba wasu sun ce an wuce gona da iri. Kuma tun watan Yunin 2019 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasar ta hana tallan da ke cusa irin wannan ra'ayin mai cutarwa akan jinsi, sai dai dokar talla ta shafa, bata hana buga rubutu a jikin riga ba. Ni ba sai an kai can ba ma Malam, buƙatata ƙarama ce, a bar wa yarinya siket ɗinta da ruwan hodarta in tana so amma a saka mata roka a kai da aljihu, a kuma samar wa yaron Baban Sadik magensa a ɓangaren maza.

Maman 'Yan Biyu

Na gode ƙwarai 'yan uwa Allah ya saka da alheri, wallahi har naji sanyi a raina. Malam Abu Khalil a daren dai ce mata nayi tana da ƙwaƙwalwa sosai kuma ai Mama ma tana da ita, masu rigar ne wuri bai ishe su su rubuta duka ba. Ta yarda amma da safe sai da ta sake tambayata ko in an wanke ta ɗan uwanta zata iya ara.

Anti Maijidda na gwada abin da kika ce, na ɗora wandunansu masu lamba ɗaya, nata ya gaza nasa da kusan faɗin tafin hannuna kuma aljihun bayan ɗinke yake ruf, shekara guda tana sakawa ban sani ba. Hajiya zan bi shawararki akan ƙanwar babansu. Na samo fararen riguna guda biyu marasa komai, ina so su zana abin da suke so da kansu, ita tace wata da roka, shi kuma wai kunkuru. Anti dan Allah wane irin fenti ko alƙalami ake amfani dashi a yadi wanda baya zuba in an wanke, kuma sai an goga da dutsen guga bayan ya bushe ko a barshi haka?